Layin can za ka saya, ba romin ba

Ɗan'uwa, tunda tambayarka tsakanin yin romin ne, wato amfani da layinka na gida a ƙasar waje, da sayen layin ƙasar da za ka, ka sayi na can, ka zuba masa data, ka riƙa kiran gida ta WhatsApp.

Akwai tafiyar da na yi na bar mahaifiyarmu kwance ba lafiya. Kullum da dare ƙanwata za ta kara mata waya a kunne, ita kuwa ba ta yarda a kashe sai ta ji abin da na ci, da ko akwai sanyi, da ko ina samun barci. Wani lokacin har barci ya ɗauke ta ina jin numfashinta. Ban taɓa katse ta don tsoron kati ba, kuma na dawo da sauran data a layin da na saya a can. Kiran murya a WhatsApp yawanci ba ya cin megabait ɗaya a minti, ka ga gigabait ɗaya zai ba ka sama da minti 1,000. Bidiyo ne mai ci, shi ka bari sai ka hau Wi-Fi na masauki. WhatsApp ɗinka kuma yana nan a tsohuwar lambarka ko ka canza layi, kada dai ka taɓa wajen sauya lamba a cikin WhatsApp ɗin. Ga shi kana da lambar ƙasar, direban tasi ko mai masauki zai kira ka kai tsaye.

Romin kam amfaninsa ɗaya ne, saƙon banki mai lambar sirri zai same ka. Bayan wannan, ka kira a caje ka, a kira ka ma a caje ka. In wayarka mai layi biyu ce ka bar na gida a ciki saboda bankin, ka kashe masa data, in an kira shi kada ka ɗauka.

Wace ƙasa ce ma? Wannan yana da muhimmanci. In Tarayyar Turai ce, tun watan Yuni na 2017 layin da ka saya a Faransa yana aiki a Jamus ko Sifen ba ƙarin kuɗi, sai dai ka tabbatar tsarin da ka saya ya ƙunshi hakan, kuma dokar ba ta shafi Ingila ba yanzu. A Dubai saƙon WhatsApp yana tafiya amma an toshe kira, sai ka sauke manhajar kira irin su Botim, mutanen gida ma su sauke tun kafin ka tashi. A Sin kuwa WhatsApp ɗin gaba ɗaya a rufe yake.

Sai abin da ba ka tambaya ba. Don Allah ka guji masu tare mutane a ƙofar filin jirgi da layuka a hannu. Za su ce maka data ba iyaka, alhali ɗan kaɗan ne a ciki, ko kuma an yi wa layin rajista da sunan wani, bayan 'yan kwanaki a rufe shi, ba ka da wanda za ka riƙe. Ka je shagon kamfanin da fasfonka, su kunna layin a gabanka, ka duba yawan datar da idonka, ka karɓi rasit. Kada ka bari kowa ya shige da wayarka ciki wai zai saita maka. Haka masu tallar eSIM mai arha a intanet, wato layin da ake saukewa a waya ba sai an sa sim ba, ba kowanne ne na gaskiya ba, kuma da yawansu data ce kawai babu lambar kira.

Kafin ranar tafiya ka ari layin wani kamfani ka gwada a wayarka. In a kulle take ga kamfani ɗaya, layin can ba zai hau ba, gara a buɗe maka ita tun kana gida. Allah ya kai ka lafiya.