Farantin satalayit mai santimita 90: ya rage ɗaukewar hoto a damina

Duk mai kallon tashoshin tauraron ɗan'adam a Kano ko Maraɗi ya san yadda hoto ke kakkaryewa da zarar hadari ya haɗo, kafin ya ɗauke gaba ɗaya, shi ya sa masu haɗa dish suke yawan ba da shawarar a sauya faranti mai santimita 60 da mai 90. Na sauya nawa kafin faɗuwar damina, kuma a ganina kuɗin bai tafi a banza ba.

Yawancin tashoshin da muke kamawa ta zangon Ku, wato wani rukuni na igiyoyin rediyo, suke zuwa, daga taurarin da ke nisan kusan kilomita 36,000, kuma ɗigon ruwan sama yana shanye ƙarfin wannan zango ƙwarai. Filin faranti mai 90 ya ninka na mai 60 fiye da sau biyu, saboda haka yana tara sigina har da rara, ta yadda yayyafi da matsakaicin ruwa ba sa taɓa hoton. Amma idan ruwan Agusta ya kece kamar da bakin ƙwarya, dikoda tana rasa sigina na ɗan lokaci, sai dai tana dawowa da wuri fiye da da.

Aibinsa yana wajen iska. Girmansa yana sa ya tare guguwar da ke gabatar ruwa, ƙafar da aka haɗo shi da ita kuwa siririya ce, har sai da na sa mai walda ya ƙera wata mai kauri, domin kaucewa kaɗan ta isa ta ɓata saiti. Ya kamata kuma a naɗe mahaɗar waya da ke jikin LNB, wato 'yar na'urar da ke gaban faranti tana karɓar sigina, da tef, tunda ruwan da ya shiga wajen yakan ci gaba da raunana sigina bayan gari ya washe.

Akwai ɗaukewar da farantin bai magance ba. A tsakiyar Maris da ƙarshen Satumba rana takan daidaita a bayan tauraron, hayaniyar igiyoyin rediyo da take fitarwa ta danne siginar na 'yan mintuna, a kusan lokaci ɗaya kullum, har wasu kwanaki, alhali sama garau take. Mai gyaran da ya nemi kuɗin saiti ko ya ce a sayi sabon LNB a irin waɗannan ranaku, a ce masa ya dawo bayan mako guda.