PuckPedia: shafin da ke nuna maka dalilin da ya sa kulob ke rabuwa da gwarzonsa

Duk mai bin gasar NHL ta hokin ƙanƙara ya san tun da Washington Capitals suka sayi CapFriendly, shafin da ake duba kwantiragin 'yan wasa, a 2024 suka rufe shi, jama'a PuckPedia suka koma. Ni dai a ganina ya riƙe gurbin, ko da yake ba ta kowane ɓangare ba.

Aikin shafin ɗaya ne, ya nuna maka kwantiragin kowane ɗan wasa da kuma nawa ya rage wa kulob kafin ya bugi rufin albashi, wato iyakar kuɗin da aka yarda kulob ya kashe kan albashin 'yan wasansa a kaka guda. Wannan rufi tun 2005 ake da shi, bayan rikicin masu kulob da 'yan wasa da ya cinye kakar 2004-05 gaba ɗaya, an fara da dala miliyan 39, a 2024-25 ya kai 88, sai 95.5 a 2025-26. Kuma rufin nan ba na wasa ba ne, kana da kuɗi kamar me ba za ka biya tara ka wuce shi ba. Shi ya sa idan ka ji an yi musayar da hankalinka bai ɗauka ba, buɗe shafin kulob ɗin kawai, galibi amsar tana nan cikin jadawalin.

Misali a 2019 Toronto suka ba Carolina Patrick Marleau, suka haɗa musu da damar zaɓen sabon ɗan wasa a zagayen farko, wai don kawai a raba su da nauyin miliyan 6.25 ɗinsa. Kai ka ba da ɗan wasa kuma kai ka biya ladan ɗauka! Carolina ko buga musu bai yi ba, suka sallame shi, da damar nan suka zaɓi Seth Jarvis a 2020. Wanda bai ga lissafin Toronto na lokacin ba zai ce manajan ya zautu ne.

Inda shafin ya fi burge ni shi ne riƙon albashi, wato kulob ya tura ɗan wasa wani kulob a musaya amma ya ci gaba da ɗaukar wani kaso na kuɗinsa, har zuwa rabi, kuma kwantiragi uku kawai aka yarda kulob ya riƙe a lokaci guda. PuckPedia na nuna wa ya cike gurabensa wa ke da saura, to a da daga nan ake gane wanda zai iya shigowa dillanci, wato kulob na uku da ke ɗaukar wani kaso na albashin don musayar ta yiwu, kamar yadda Chicago suka riƙe rabin kuɗin Mikko Rantanen a Janairun 2025 da Colorado suka tura shi Carolina, a Maris kuma ya wuce Dallas ya sa hannu kan shekara 8 a miliyan 96. Haka kuma yana nuna masu sharaɗin ba a musayarsu sai da yardarsu, da wakilin kowane ɗan wasa, wannan na wakilai kam na ji daɗinsa sosai.

Lissafin masu doguwar jinya ma yana nan, amma gaskiya sai ka natsu. Dokar ce da kanta mai murɗe-murɗe, tana ba kulob damar wuce rufin idan ɗan wasansa na doguwar jinya, ita ce ta ba Tampa Bay damar ajiye Nikita Kucherov duk kakar 2021 sannan ya dawo daidai wasannin neman kofin Stanley, lokacin da rufin bai aiki, suka ɗauki kofin mutane na ta ƙorafi. Sabuwar yarjejeniyar 2025 ta kawo rufi a waɗannan wasannin ma.

Akwai PuckGM inda za ka zama manaja ka haɗa musayarka ka ga ko lissafi ya shiga. Yana da daɗi, sai dai rabin abin da magoya baya ke haɗawa mafarki ne, a kwashe tarkace uku a ce a ba su Connor McDavid, tauraron Edmonton, lissafi ya daidaita amma wane manaja ne zai ɗaga waya?

Abin da ban so ba, a ƙaramin allo jadawalin ya yi mini cunkoso, a kwamfuta ya fi daɗin dubawa, kuma sabon shiga zai sha gajerun haruffa kafin ya gane kansu. Ainihin bayanan kwantiragin kyauta ake dubawa, don haka kafin ranar rufe musaya ta Maris ka leƙa shafin kulob ɗinka tukuna kafin ka fara zagin manaja.