Play Store da App Store: ina bambancin gwaji da sakin manhaja?

Ɗan'uwa, ka ce ka kusa kammala manhajarka ta farko, kana so ta fita a Android da iPhone, amma ba ka san wanda za ka fara da shi ba, kuma kana tambaya ko dole ne a bi ta gwaji kafin a sake ta ga jama'a. Shawarata ita ce ka fara da na Google tun yau, ko da akwai sauran 'yan gyare-gyare, domin shi ne mai cin kwanaki. Na Apple kuɗi da tsanaki yake nema.

Maganar kuɗi ba ta da tsawo. Google dala 25 yake karɓa, sau ɗaya tak. Apple kuwa dala 99 ne duk shekara, kuma in ka daina sabuntawa manhajarka za ta sauka daga kasuwarsu. Sannan Xcode, wanda da shi ake haɗa manhajar iPhone, a kwamfutar Mac kaɗai yake aiki, sai dai in za ka yi hayar Mac ta intanet.

Inda aikin yake shi ne gwaji. A Play Console, wato shafin Google da masu manhaja suke ɗora ta, matakai uku ne kafin fitowa fili: gwajin cikin gida mai ɗaukar mutum 100, sai rufaffen gwaji na waɗanda ka gayyata, sai buɗaɗɗen gwaji da kowa zai iya shiga. Da can mutum yana iya tsallake su duka. Amma duk wanda ya buɗe asusu da sunan kansa bayan 13 ga Nuwamba 2023, sai ya yi rufaffen gwaji na kwana 14 a jere kafin ma a ba shi damar neman saki. Da farko mutum 20 ake nema, daga baya a ƙarshen 2024 aka rage zuwa 12. Asusun kamfani wannan sharaɗin bai shafe shi ba, sai dai shi kuma yana buƙatar lambar D-U-N-S, wato lambar shaidar kamfani.

Kada ka raina mutum goma sha biyun nan. Sa imel ɗin mutum a jeri bai wadatar ba, sai ya buɗe mahaɗin da ka tura masa ya danna amincewa da kansa, kuma ya tsaya har kwanakin su cika. Wani zai ce maka "na shiga" alhali ya buɗe da wani imel daban da wanda ka rubuta, shafin ya ƙi karɓarsa, shi kuma bai gaya maka ba. Saboda haka ka tara fiye da adadin. Bayan kwanakin sun cika Google zai tambaye ka yadda ka samo masu gwajin, abin da suka ce, da abin da ka gyara, kuma yana iya mayar da kai ka ƙara gwaji in bai gamsu ba. Shi ya sa ba na goyon bayan masu tara mutanen da za su sauke manhaja su ajiye ba tare da sun taɓa ta ba. Wayoyin Android iri-iri ne, ga mai ƙaramin allo, ga tsohuwa mai ƙarancin ƙarfi, kuma a hannun irin waɗannan mutanen ne za ka gano maɓallin da allon rubutu yake rufewa.

A ɓangaren Apple babu wanda zai tilasta maka gwaji, amma TestFlight, wato tsarinsu na gwajin manhaja, ya fi daɗin sha'ani, har ina ganin asara ce mutum ya tsallake shi. Mutum 100 na cikin tawagarka za su iya samun manhajar ba tare da jiran tantancewa ba. Na waje kuwa har 10,000, ta imel ko ta mahaɗin da za ka raba wa kowa, sai dai sigar farko sai Apple ya duba ta tukuna. Mai gwaji yana iya ɗaukar hoton allo ya rubuta ƙorafinsa a kai ya iso maka kai tsaye. Ka dai tuna kowace siga kwana 90 take yi ta daina buɗewa.

Idan aka zo tantancewar ƙarshe, lamarin juyawa yake yi. Apple sun fi sauri, sun ce kashi 90 cikin ɗari na abin da ake turo musu suna duba shi cikin ƙasa da awa 24, amma sun fi tsanani. In manhajarka tana neman a shiga da suna da kalmar sirri, ka ba su asusun gwaji mai aiki. In ana buɗe asusu a cikinta, dole a iya goge shi daga ciki. In kuwa shafin intanet ne kawai ka naɗe ka kira shi manhaja, za su dawo maka da ita. Kuma wucewar TestFlight ba ta nufin ka wuce wannan. Google na iya ɗaukar kwana bakwai ko fiye, musamman ga sabon asusu. Dukansu za su nemi bayanin irin bayanan mutane da kake tattarawa, to ka cike gaskiya, har da abin da kayan talla da ka saka suke kwasa.

Akwai abu ɗaya da sababbin shiga suke yawan dogara da shi, wato saki kaɗan-kaɗan. A Google kai kake zaɓar kason masu amfani da manhajar da za su samu, kana iya dakatarwa in ka ga matsala. A Apple jadawalin a tsare yake, kwana bakwai, daga kashi 1 zuwa 2, 5, 10, 20, 50, har 100, kuma masu sabuntawa ta atomatik kawai ya shafa. Amma duka biyun na sabuntawa ne, ba na fitowar farko ba. Ranar farko duk wanda ke ƙasashen da ka zaɓa zai iya saukewa, don haka in kana ɗar-ɗar, ka fara da ƙasa ɗaya ko biyu.

Ka ɗora sigar Android a rufaffen gwaji yanzu, kwanaki 14 su fara tafiya, ka yi amfani da makonni biyun wajen shirya TestFlight, hotunan allo da shafin manufar sirri.