Na gwada mai koyar da neman ƙarin albashi ta intanet, ga yadda muka ƙare

Gaskiya tsoro ne ya kai ni, shekara 2 albashina bai motsa ba, kaya sai tashi suke, ga kamfani yana ta rage ma'aikata, to da wane baki zan tunkari oga? Shi ne na yi rajista da wata mai ba ma'aikata shawara, muka yi zama 3 ta bidiyo.

Abin da ya fi burge ni, ta hana ni zancen haya da kuɗin makaranta kwata-kwata, ta ce oga ma yana da nasa kukan, in rubuto aikin da na ɗauka tun da aka sallami abokan aikina biyu, da kuɗin da na rage wa kamfani, shafi ɗaya tak. Muka yi gwaji, ta zama oga ni ina roƙo, wallahi har muryata rawa take, ta ce in na faɗi adadi in yi shiru kar in hau ba da haƙuri. Kuma in je kafin a rufe kasafin shekara.

Inda ta gaza, bata san fanninmu sosai ba, ni na nemo abin da ake biyan irina.

Ban samu duka ƙarin da na nema ba, amma oga ya sa hannu a takarda za mu sake zama bayan wata 6.