Zango guda a kwas ɗin tsofaffin wasannin kwaikwayon Ingila

Na shiga wannan kwas ne a shekarata ta uku a jami'a ba da son raina ba, domin tun a sakandare na ɗauki Turancin Shakespeare a matsayin abin da ake haddacewa a zuba wa mai jarrabawa. Tsarin malamarmu shi ne ba a tattauna ma'anar kowace fitowa sai an tashi tsaye an yi ta a kan dandamali.

Macbeth muka fi daɗewa a kai, wasan da Shakespeare ya rubuta wajen 1606, zamanin Sarki James na ɗaya. Ɗangon waƙar da aka gina wasan da ita gaɓa goma ne, ana nauyaya murya sau biyar, kuma wanda ya taso yana jin karin rubutattun waƙoƙin Hausa ba zai daɗe ba kunnensa zai kama shi. A fitowar da ta biyo bayan kisan da Macbeth ya yi wa Sarki Duncan, akwai inda aka gutsuttsura ɗango tsakanin Macbeth da matarsa, kowa kalma ɗaya ko biyu. Na sha karanta wurin a takarda ban ga komai ba. Da aka tilasta mana mu riƙa cafe maganar juna ba tare da jan numfashi ba, sai firgicin mutum biyu da jini a hannu ya fito da kansa, har abokiyar wasana ta fara waiwaye alhali ba a umarce ta ba.

Haka kuma malamar ta fitar da mu fili da rana tsaka, 'yan kallo a tsaye ta gefe uku, kamar yadda ake yi a da a gidan wasa na Globe da aka gina a Landan a 1599. A nan na gane cewa doguwar maganar da ɗan wasa ke yi shi kaɗai da mutanen da yake gani ido da ido yake yin ta.

Inda kwas ɗin ya gaza shi ne rabon lokaci. Marubucin wasan kwaikwayo Christopher Marlowe, wanda aka haifa a 1564 kamar Shakespeare, mako ɗaya kacal ya samu, abin da nake ganin rashin adalci ne. Maki kuma na rukuni ne, saboda haka wanda bai zo gwaji ba sai sau biyu ya tashi da sakamako daidai da namu.