Na'urar DVD mai ramin filashi: abin da take karantawa da abin da take ƙi

Idan faifai za ka kalla, na'urar DVD ɗin da na sayo a kasuwar Alaba ta Legas ba ta da laifi. Idan kuwa niyyarka ka kwashe bidiyon wayarka ka zuba a filashi ka soka mata, to ka shirya ɓacin rai, don mafi yawan abin da wayoyinmu na yanzu ke ɗauka ba ta san shi ba. Tun bayan ƙaramar salla take falonmu a Agege. Na saye ta ne saboda mahaifiyata da ta zo daga Funtuwa da jaka guda ta faya-fayan tafsiri da na bukukuwan dangi, ita kuma ba ta son kallo a waya, ta ce yana sa mata ciwon kai.

Baƙa ce siririya, ba ta da nauyi. A gaba akwai ramin USB da na makirufo, wanda har yau ba wanda ya taɓa shi. A baya akwai HDMI da ramukan nan uku, rawaya na hoto, fari da ja na sauti. Wayar mai kai uku ce kawai a cikin kwali, ta HDMI sai da na saya daban, kuma ta cancanci kuɗinta, domin rubutun ƙasan allo ya fi fitowa tsaf da ita.

Wajen faifai ba na da ƙorafi sosai. Tana karanta DVD da VCD da faifan sauti, har da CD ɗin da aka cika da karatun Alƙur'ani na MP3. Tana ɗan jinkiri kafin ta buɗe, tana ƙugi ƙasa-ƙasa, sannan hoto ya zo. Wanda ya sha karce yakan maƙale ko ya yi tsalle, amma ba ta cika tofo shi ba. An rubuta 1080p a kwali da manyan baƙaƙe, kada wannan ya ruɗe ka. Hoton DVD a tsarinmu ɗigo 720 ne a faɗi, 576 a tsaye, na VCD kuwa 352 da 288 ne kacal. Abin da take yi shi ne ta miƙe hoton ya cika allo, ba za ta ƙirƙiro abin da babu ba. Tsofaffin faya-fayan Kannywood na VCD, a babbar talabijin, fuskoki sai su fito kamar an shafa musu mai. Hajiya dai ko a jikinta, tunda muryar malam na fita.

Akwai batun yanki, wanda mutane da yawa ba su san da shi ba sai sun ci karo. Kamfanonin fim sun raba duniya gida shida. Nijeriya na yanki na 5 tare da Indiya da Rasha, Turai da Saudiyya na 2, Amurka na 1. Na'urar da aka kulle a yanki guda ba ta karɓar faifan asali na wani yankin. Tawa a buɗe ta zo: maƙwabcina ya aro min faifai ɗan Ingila, ta karanta ba gardama. Sai kuma tsarin launi. Namu PAL ne, na Amurka NTSC. Idan saitin na'urar bai dace da tsohuwar talabijin mai ƙeya ba, hoto zai zo baƙi da fari ko ya riƙa gungurawa. Shiga saiti ka mayar da shi PAL, magana ta ƙare.

Faifai ɗaya ne ya gagara, na bikin ƙanwata. Tas yake, ba ko ɗigon karce, amma sai ta ce babu faifai a ciki. Wani mai gyara a layinmu ya ɗaga shi ga haske, ya saka a kwamfuta, ya ce mai ɗaukar hoton bai rufe faifan ba bayan ya gama naɗa, wato matakin ƙarshe da ke sa wasu na'urori su iya karanta shi. Irin wannan sai na'urar da ta naɗe shi, ko kwamfuta mai manhajar da ta iya ciro abin da ke ciki.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. A jikin kwali an jera DivX da MPEG4 da MP3 da JPEG, duk wanda ya gani zai ɗauka bidiyon MP4 na wayarsa ya samu shiga. Na zuba bidiyon sunan ɗana da aka turo ta WhatsApp, na soka. Sunan fayil ya fito a jeri, na danna, allo ya yi baƙi na ɗan lokaci, sai ta rubuto da Turanci cewa ba ta gane shi ba, ta tsallake zuwa na gaba. Na gaban ma haka. Wani kuma sauti ya zo, hoto babu.

Dalili shi ne, AVI da MP4 da MKV kwano ne kawai, na'urar kuwa tuwon da ke ciki take dubawa. Ana matse bidiyo ta hanyoyi daban-daban don ya rage girma, kuma ƙwaƙwalwar da ke cikin irin waɗannan na'urori hanya uku ta sani: MPEG-1 ta VCD, MPEG-2 ta DVD, sai tsohuwar MPEG-4 wadda DivX da Xvid ke aiki da ita. Wayoyin yanzu da WhatsApp suna amfani da H.264 ne, wasu sababbin wayoyi ma H.265, kuma galibi a fayil mai wutsiyar MP4 suke zuwa. Saboda haka ba za ka ce an yi ƙarya a kwali ba, amma ba a gaya maka gaskiya duka ba. Sauya wutsiyar suna daga MP4 zuwa AVI ba ya maganin komai, na cikin bai canja ba. Ko Xvid ɗin ne, da zarar faɗin hoto ya wuce 720 ta ƙi shi. Duk fim mai 720p ko 1080p da ka sauke daga intanet, ka ajiye shi gefe, don faɗinsa ya wuce 720.

Wani yaro mai shagon tura fina-finai a kusa da masallacinmu shi ya warware min. Ya buɗe bidiyon da manhajar VLC, ya shiga wajen bayanin fayil, ya nuna min H264 a rubuce, ya ce, "Yallaɓai, wannan sai an juya shi." Da manhajar Format Factory ya juya: ya zaɓi AVI, hoto Xvid, faɗi 720, sauti MP3. Na dawo gida na soka, ga taron suna ya fito. Hajiya ta gyara zama ta ce, "Ɗan nan, tsayar min a nan, wannan ba Ladidi ba ce ta yi ƙiba haka?" Hoton ya ɗan ragu da kyau, musamman inda aka ɗauka da dare, amma yana tafiya sumul, baki da magana suna tare. Bidiyon da aka ɗauka waya na tsaye kuwa siriri yake fitowa a tsakiyar allo, baƙi hagu da dama. Juyawar na cin lokaci idan fim dogo ne, kuma sai da kwamfuta, wanda ba kowane gida ke da ita ba.

Shi ma filashin yana da nasa sharaɗi. Kowane filashi yana da tsarin da yake ajiye fayiloli da shi, ita kuwa tsarin FAT32 kawai take karantawa. Manyan filashi na yanzu, daga 64GB zuwa sama, galibi da exFAT suke zuwa, sai ka soka ta yi shiru kamar ba a saka komai ba. NTFS ma haka. A FAT32 kuma fayil guda ba ya wuce 4GB, kodayake fim ɗin Xvid da wuya ya kai nan. Ɗan ƙarami mai 16GB ya fi zama lafiya da ita. Ka tuna sake tsarin filashi yana goge duk abin da ke ciki, ka kwashe kayanka tukuna. Babban ma'ajin nan na kwamfuta mai waya, wutar ramin ba ta isa ta juya shi ba, sai ya yi ta ƙas-ƙas yana mutuwa.

Dogon suna tana yanke shi, shi ya sa nake sa lamba a farko, 01, 02, 03, don darussan tafsiri su biyo juna. Fassarar ƙasan allo tana fitowa idan fayil ɗin SRT ne kuma sunansa ɗaya da na fim ɗin, sai dai baƙaƙenmu masu lanƙwasa ba ta san su ba, ɗ da ƙ da ɓ duk shirme suke komawa.

Wuta ba ta ci, ƙaramin janareta yana ɗaukarta da talabijin da fanka ba tare da ya canja murya ba. Abin da ke ci min rai shi ne mantuwa. Idan ka tsayar da faifai da rimot, tana tuna inda ka tsaya. Idan ɗauke wuta aka yi, ko a filashi kake kallo, daga farko za ta faro, ka yi ta turawa gaba kana neman wurin. Rimot ɗin kansa ƙananan maɓallai ne cunkus, sai ka saita shi daidai da fuskarta, kuma in ya ɓata kusan ka rasa rabin na'urar, don a jikinta maɓallin buɗewa da na kunnawa da na tsayarwa ne kawai.

Ga mai tarin faya-fayai, ko gidan da ke da tsofaffi da tsohuwar talabijin, zan ce ya saya. Wanda kallonsa duk daga waya yake, ya fara gwada ramin USB na talabijin ɗinsa, yawancin masu shafaffen allo suna karanta H.264 kai tsaye, ko ya cika kuɗi ya sayi akwatin Android da ake jona wa talabijin. In kuma ka nufi Alaba ko Computer Village ta Ikeja, tafi da faifanka mai karce da filashi mai fayil uku: bidiyon WhatsApp, fim ɗin AVI, da wani MKV. A jona a gabanka, a kunna su ɗaya bayan ɗaya, sannan a rubuta lambar na'urar a risit kafin ka miƙa kuɗi.