Shagon turaren da anka faɗa min gaskiya kan miski

Jiya na shiga wani ɗan shagon turare a Tudun Wada nan Gusau, haɗin humra nake yi wa ƙanwata da bikinta ya matso, kuma wallahi na fito da abin da ban je nema ba. Na ce Baba Alhaji a ba ni miski na asali, sai tsohon ya yi dariya ya ce ɗiyata, miskin asali ko kuɗin lefen duka kin kawo ba ki samun shi nan, wannan farin mai kauri da kuke kira miski haɗin kamfani ne. Shekara nawa ina saye wurin wasu suna rantse min na barewa ne!

Shi ne ya zaunar da ni. Ashe barewar miskin can take duwatsun Himalaya da Sin da Saberiya, namijin kaɗai ke da wata 'yar jaka tsakanin cibiya da al'aurarsa, nan abin ke taruwa, da shi yake jawo mace lokacin barbara. Jaka guda da ƙyar ta ba da giram 25, kuma da can sai an kashe dabbar, shi ya sa ƙasashe da dama sunka hana farautarta. Na kamfanin kuwa tun 1888 wani Bajamushe Albert Baur ya fara haɗa shi.

Abin da ya fi burge ni jibda. Ya ɗauko wani ƙaramin gwangwani ya buɗe, kamar man shanu ya tsufa ya yi ruwan ƙasa, na kai hanci na ja baya ba shiri, wari kamar an shiga garken bunsuru, har hawaye. Daga jakar da ke ƙarƙashin wutsiyar tunkun jibda ake kankaro shi, mace da namiji duk suna da ita, suna goga ta jikin itace da dutse don sauran su san wurin da mai shi. A Habasha har kiwonsu ake yi a keji saboda wannan. Ya lakato ɗan mitsitsi da tsinken ashana ya dama cikin man sandal ya shafa min a bayan hannu ya ce ki jira. Kafin la'asar ƙamshin ya sauya gaba ɗaya, yau ma mayafina na yi.

Inda shagon ya gaza, wurin matsattse ne, mutum uku sun cika shi ga zafi babu fanka, POS ɗinsa kuma network ya ƙi sai da na fita neman tsabar kuɗi. Murfin kwalbar sandal ɗin ma bai kama ba, ya ɗan tsiyaye min a jaka, in kun je ku ce a naɗe bakin da leda. Jibdar dai na sayi kaɗan, sati mai zuwa zan koma da yayata.